Samosar Nani a Tsakiyar Teku

Assalamu alaikum. Ku yi min afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, makaranciya ce kawai, irin waɗanda ke shigowa shafin nan su karanta labarin mutane su fice ba tare da sun ce uffan ba. Layin nan na farko kaɗai na rubuta na goge har yatsana ya gaji. In kun ga ina tsalle daga nan zuwa can ku yi haƙuri, ko a fili haka maganata take, shi ya sa ban cika yin ta ba. Kuma don Allah in akwai 'yar unguwar Overport a cikinku da ta gano gidanmu, ta rufa min asiri wajen Khala Rukshana.

Sunana Zahira. Shekarata ashirin da huɗu, ina aiki a wani ƙaramin laburare a nan Durban. Aikina in mayar da littattafai mazauninsu, in ce wa yara su rage murya. Mami ta ce aikin ne ya ƙarasa lalata ni, wai dama can ba ni da baki, aka kuma kai ni inda ake biyan mutum don ya yi shiru.

Nani, kakata da ta haifi Mami, ta cika shekara tamanin bana. Da aka tambaye ta abin da take so kowa ya zata Umra za ta ce, sai ta ce teku.

"Tun ina yarinya nake kallonsa daga gaɓa," in ji ta. "Ta cikinsa kakana ya zo ƙasar nan. Ina so in ga abin da ya gani."

Sai 'ya'yanta suka haɗu suka biya mana tafiyar nan ta jirgin shaƙatawa, wanda ke tashi daga Durban ya je wani tsibiri a Mozambik ya dawo. Mu huɗu a ɗaki ɗaya: Nani, Mami, ƙanwar Mami wato Khala Rukshana, sai ni. Papa ya ce shi da shagonsa suna nan daram a kan ƙasa, inda Allah ya ajiye ɗan Adam.

Ni kam murna nake. Rabin akwatina littattafai ne. Ina ta lissafin 'yan kwanakin da zan samu babu sabis, babu mai bugo wa Mami waya ta ce akwai wani yaro ɗan gidan mutunci.

Ranar tafiya, tun bayan asuba na jiyo ƙamshin mai. Na shiga kicin na tarar da Nani tsaye gaban kasko, ta naɗe hannun rigarta, tana tsamo samosa tana jerawa a kan jarida. Na miƙa hannu, ta buge shi da bayan cokali.

"Ba na 'yan gida ba ne."

"Nani, a jirgin fa abinci sai mutum ya ture. Kuma ba a barin a shiga da na waje."

"Wa ya ce?"

"A takardar tafiyar aka rubuta."

"To ki ce wa takardar ta zo ta ƙwace."

Khala ce ta jera su a robar askirim, ta naɗe robar da mayafin sallar Nani, ta cusa ta ƙarƙashin jakar magunguna. A tashar jirgin, bayan mun sha layi har ƙafata ta yi tsami, da jakar ta iso gaban mai bincike sai Khala ta fara ba shi tarihin ciwon sugan Nani, da hawan jininta, da gwiwar da aka yi wa aiki, da likitan da ya yi aikin, da matar likitan. Bawan Allah ya ɗaga hannu ya ce mu wuce.

Da ina da wayo, a nan ya kamata in gane.

A wajenmu in dangin saurayi za su zo ganin yarinya, ba a cewa ganin yarinya za a zo. Cin samosa ake zuwa. A zaunar da su a falo, a yi hirar zafi da tsadar kaya, can sai yarinya ta fito daga kicin riƙe da tire, kanta a ƙasa. Uwar saurayi ta ɗauki ɗaya ta gatsa, ta tambaya wa ya yi. Na ɗauki tiren nan ba sau ɗaya ba, kuma kullum amsar Mami ɗaya ce: "Zahira ce mana, tun tana 'yar ƙarama take naɗi." Alhali ni ko ƙwai na soya sai Papa ya tambaya ko faɗa muka yi da shi. Samosar Nani ce. Ɓawonta siriri kamar takarda, in ka gatsa sai na nesa ya ji ƙarar. Kowa a unguwa ya san ta, ita ma ta san an san ta. In baƙin na yabo, sai ta zauna a kusurwa ta sunkuyar da kai, murmushi na neman ƙwace mata. Waɗanda suka zo ɗin ba su dawo ba, amma ba laifin samosa ba ne. In aka tambaye ni abu, sai harshena ya yi nauyi in ta kallon kafet.

To, jirgi dai ya tashi. Ba zan ɓoye muku ba, da ya yi wannan kukan nasa mai girgiza ƙirji, na ga gine-ginen bakin teku suna ƙanƙancewa, sai da idona ya cika. Ban taɓa ganin garinmu daga baya ba. Nani ta riƙe ƙarfen baranda da hannu biyu, iska na kaɗa farin mayafinta.

Ɗakinmu kuwa ba taga. Gado biyu a ƙasa, biyu ana sauko da su daga sama, ƙaramin firij, kujera ɗaya. In Khala ta buɗe akwatinta sai sauranmu mu hau gado. Muna cikin rabon wurin ajiye takalma aka yi shela kowa ya fito da rigarsa ta ceto, a nuna mana inda za mu taru in wani abu ya faru. Muka fita cikin ɗaruruwan mutane, kowa ya kumbura cikin riga mai ruwan lemo kamar kabewa. A nan ne Khala ta daki ƙirji.

"Ikon Allah! Nazira? Ke ce ko idona ne?"

"Rukshana! Yau wace irin rana ce!"

Suka rungumi juna, rigunan na karo. Wallahi yaran firamare in suna wasan kwaikwayo sun fi su iyawa.

Anti Nazira ke nan. In kin taɓa cin biriyani a wani biki tsakanin Overport da Sydenham, da wuya in ba tukunyarta ba ce. Da girki ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. A bayanta wani dogo ne mai tabarau, ya riƙe bango, fuskarsa ta yi fari fat, ga jirgin ko nisa bai yi ba. Ɗanta ne, Shiraz, malamin lissafi a wata makaranta a Verulam.

Nani ya fara gaisarwa, ya rusuna duk da halin da yake ciki. Ta riƙe hannunsa.

"Ɗan wa ne wannan?"

"Ɗan Nazira ne, Nani. Shiraz."

"Masha Allah. Tsayi kamar kakansa." Ta kalli ruwa, ta dawo da ido kansa. "Ɗan wa ne wannan?"

"Ɗan Nazira ne, Nani. Shiraz."

Da murya iri ɗaya ya faɗa, kamar ba a taɓa tambayarsa ba. Bai yi dariya ba, bai waiga ya nemi idon kowa ba. Abin da na fara gani a tare da shi ke nan, kafin in lura da komai.

Akwai maganar da ba ma yi a gidanmu. Tun bara Nani ta fara ajiye tabarau a firij, ta kira ni da sunan Mami, ta tambayi ko an yi la'asar alhali yanzu ta sallame. Mami ta ce gajiya ce. Khala ta ce maganin sugan ne. Ni kuma na karanta abin a littafi, na san sunansa, ban faɗa wa kowa ba. Ita kanta Nani wani lokacin sai ta tsaya tsakiyar magana, ka ga tsoro ya gilma a idonta, sai ta wuce kicin. A can ne kaɗai ba ta taɓa ɓata.

Da muka koma ɗaki na tattaro duk ƙarfin halina.

"Mami, wannan tafiyar kyautar Nani ce ko tallata aka fito yi?"

"Ji min yarinya! Duka biyun. Laifi ne?"

"Da kin gaya min."

"Da na gaya miki da yanzu kina ƙarƙashin gado a gida da littafi."

"Ke dai ki saki fuska," in ji Khala, tana ƙoƙarin cusa robar askirim a firij. "Ranar da za a sauka tsibiri mu shimfiɗa tabarma a bakin ruwa, ki miƙa samosa. Shi ke nan fa aikinki. Nazira ba mai digiri take nema ba, mai hannu take nema. Kuma abin da ta ce shi yaron nan yake yi."

Jirgin yana da manhajarsa ta waya da fasinjoji ke tura wa juna saƙo, tunda babu sabis. Bayan magariba wayata ta yi ƙara.

"Salam. Shiraz ne. Khalarki ce ta karɓi wayata ta sa sunanki. Wallahi ban san da shirin nan ba sai da na ga rungumar."

Na daɗe ina kallon saƙon. Na rubuta abubuwa da yawa na goge. Abin da na tura: "Wa'alaikas salam. Ni ma."

"An ce min iskar teku za ta yi wa ƙirjin Ummi amfani. Ga ta can ta koma ɗibar abinci, ni ina nan rungume da bokiti."

Dariya ta kuɓuce min. Khala ta leƙo kanta zuwa gadona na sama.

"Littafin ne ke ba ki dariya?"

"Eh."

"To Allah ya ƙara wa littafin lafiya."

Washegari teku ne ta ko'ina. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. A gida teku abu ne da ke gefe ɗaya, ka juya masa baya ka hau tasi. A nan duk inda ka juya shi ne. Da safe na raka Nani can bayan jirgi, inda ruwa ke barin farar hanya mai tsawo, muka zauna muna kallo. Wasu ƙananan kifaye suka yi ta tashi sama suna faɗawa. Nani ta tafa hannu kamar yarinya.

Da lokacin salla ya yi ta ce in duba mata alƙibla. Na buɗe waya, kibiyar ta nuna can, kafin in shimfiɗa sallaya jirgi ya ɗan karkata ta koma can.

"Nani, ba ta tsayawa."

"Ajiye wannan abin. Kakana wata guda ya yi a kan ruwan nan, wace kibiya gare shi?" Ta kalli rana, ta gyara tsayuwa, ta tayar da salla.

Sauran jirgin kuwa, sai haƙuri. Kiɗa tun safe a wurin wanka. Mutane su tashi da sassafe su ajiye tawul a kan kujeru su tafi abinsu, kujera ta wuni tana jiran mai ita. Lif kullum a cike. A wurin cin abinci za ki ga mutum ya tara faranti kamar za a rufe duniya gobe, ya ci loma biyu ya koma ɗebo wani. Khala kuwa ta tsare wani ma'aikaci tana tambayarsa ko kazar halal ce, ya ce halal ce, ta ce wa ya yanka, ya ce bai sani ba, ta ce to ya aka yi ya san halal ce. Ƙarshe kifi da dankali muka yi ta ci.

Da rana na gano wata kusurwa kusa da taga, babu kiɗa, ga 'yar kanta ta littattafan da fasinjoji suka manta. Ina zaune sai ga Shiraz da koren tuffa a hannu, an ce masa yana maganin tashin zuciya. Ya bar kujera biyu tsakaninmu ya zauna. A bayan wani ginshiƙi na hango Khala da baƙin gilashi, wai ita ba a ganin ta.

"Me ake karantawa?"

"Littafi."

"Na lura."

Kunya ta kama ni. Sai na ce a kan tsuntsaye ne, irin waɗanda ke ƙetare teku watanni ba su sauka ba, har barci suna yi a sama. Ya ce ta yaya. Na fara bayani. Ban san lokacin da na ajiye littafin ina kwatance da hannu ba. Ni, Zahira, da ake cewa sai an sa cokali an buɗe min baki. Shi kuma ba irin sauraron nan na jiran ka gama ba ne, tambaya yake yi, har ya ce min lissafin nisan da na faɗa ba zai yiwu ba, muka duba, ashe shi ne da gaskiya.

Da zai tashi ya ce, "Ummi ta ƙagu gobe ta yi. An ce mata samosarki ba ta da ta biyu a Overport."

Sai na ji kamar jirgin ya faɗa rami.

Da can ƙaryar nan ba ta dame ni ba, don ban damu ko su dawo ko kar su dawo ba. Wannan karon na damu. Ga shi na faɗa, ku kaɗai na gaya wa. Na yi ta tunanin in aka yi auren a kan haka, ranar da Anti Nazira za ta miƙo min kwanon niƙaƙƙen nama ta ce bismillah, me zan ce? Kuma ko ba wannan ba, wa za su ɗauka gidansu? Ni, ko hannun Nani?

Bayan sallar asuba, Mami da Khala sun koma barci, na ja bargo na rufe kaina na rubuta.

"Akwai abin da nake so ka sani kafin anjima. Ban iya samosa ba. Ban taɓa naɗa ko ɗaya ba. Nani ce ke yi. In mahaifiyarka ta tambaya zan faɗi gaskiya."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta fito.

"To."

Sai kuma: "Ummi ba za ta ji daɗi ba. Ba don samosar ba, don an ce mata ke ce. Ba ta son a raina mata wayo."

Sai kuma: "Ba zan yi miki ƙarya ba, ba na tsallake maganarta. Amma na gode da kika fara gaya min."

Ban san ko in ji sanyi ko in ji tsoro ba. Na dai ƙudurta zan faɗa.

Da gari ya waye jirgi ya tsaya, ga tsibirin can, siririn layin yashi fari da 'yan itatuwa. Kowa ya fito da hula da jaka da man shafawa. Sai muryar kyaftin ta fito ta lasifika: iska ta yi ƙarfi, ƙananan kwalekwalen da za su kai mu gaɓa ba za su iya ba, ba za a sauka ba. Ku zo ku ga tashin hankali. Wani mutum da ƙaton balan-balan na ninƙaya a wuyansa ya tafi teburin ma'aikata yana ihu a kira masa kyaftin ɗin. Ni dai na tsaya ina kallon tsibirin. Kwana biyu ana tafiya dominsa, ga shi kusa har kana ganin kumfar da ke bakinsa, kuma iyakar rabonmu da shi ke nan.

A raina na ce shi ke nan, Allah ya raba ni da tire. Ban san Khala ba.

"A ɗaki za a yi. Na gaya wa Nazira bayan la'asar."

"A wane ɗakin?" in ji Mami. "Ina kicin ɗin da za ta fito?"

Khala ta waiga ta kalli ƙofa ɗaya tilo da ke cikin ɗakin.

"Abinci a banɗaki?" Nani ta ɗaga sandarta. "Ina raye?"

"To ta tsaya a waje, in na turo saƙo ta shigo."

Haka aka yi. Khala ta aro tire wajen mai gyaran ɗaki, Mami ta je ta ɗebo shayi a kofunan takarda. Samosar da ta kwana biyu a firij ta yi sanyi ta yi laushi, sai Khala ta jona na'urar busar da gashi ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana hura musu zafi, Nani na tsaye kanta tana cewa ta juya wancan. Babu wanda ya ɗanɗana, Nani ta ce kar a rage wa baƙi. Ni kuma aka sa ni cikin riga da wando shuɗi mai duhu, da aikin zare mai ruwan azurfa a wuya, wanda sai yanzu na gane dalilin da ya sa Mami ta ce ita za ta shirya min akwati. Aka zura min awarwaron zinarenta, aka ja min kwalli, aka ce in cire tabarau. Na ce in na cire ba zan ga ƙofar ba. Aka bar min.

Na tsaya a dogon lungun nan mai kafet, can nesa da ƙofarmu don kar baƙin su gan ni suna shiga. Jirgi na lilo, shayi na rawa a kofuna. Mutane na wucewa da kayan wanka suna ɗigar ruwa. Wata dattijuwa Bazuluwa ta tsaya ta leƙa tiren.

"Na sayarwa ne, 'yata?"

"A'a, Mama. Baƙi ne."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi awarwaron, ta yi dariya.

"Au, irin waɗannan baƙin. Ɗaga kanki, kar ki zubar."

Ina ta maimaita maganar a raina. Nani ce ta yi, Anti. Kalma biyar. Zan iya.

Waya ta yi ƙara a aljihuna. Na san Khala ce ke cewa in shigo.

Ɗakin ya cika maƙil. Anti Nazira a kan gadon Mami, ta baza mayafinta. Mami da Khala a manne a gefe. Shiraz a kan akwatin Khala, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Nani a kan kujerar nan ɗaya, ta saka farin mayafinta na Juma'a, hannayenta a kan cinya, idonta a kan tiren. Na yi sallama, na fara miƙa wa Anti Nazira.

Ta zaɓi ɗaya, ta juya ta, ta duba kusurwoyin naɗin, ta gyaɗa kai. Ta gatsa.

Taunar ta tsaya. Ta haɗiye da ƙyar, ta kai hannu ga shayi ta kurɓa, ta sake kurɓa.

"Wa ya yi wannan?"

Ba da muryar da ake tambayar aka yi ta ba. Mami ta yi saurin ɗaukar ɗaya ta gatsa, sai na ga fuskarta ta sauya. Akwai ɗan gutsure a gefen tiren, na ɗauka na sa a harshe. Gishiri. Ba wai ya ɗan yi yawa ba. Irin gishirin wanda ya zuba, ya manta, ya sake zubawa, ya sake mantawa.

Na kalli Nani. Murmushin nan nata na kusurwa ya riga ya fara fitowa, ya tsaya a hanya. Tana kallon fuskar Anti Nazira, tana kallon ta Mami.

"Wani abu ne ya faru?" ta ce a hankali. Tsoron nan ya gilma a idonta.

Mami ta ajiye tata. Na san Mami, na ga lissafin da take yi. In ta ce ni ce, an gama da ni a wajen mai girkin biki. In ta ce tsohuwa ce ta karɓe ni wannan karon, kin san tsufa, sai a yi dariya a wuce, 'yarta ta tsira. Ta gyara murya.

"Ai gaskiya, Nazira, wannan karon dai mahaifiyarmu..."

"Ni na yi."

Ban san muryata tana da wannan ƙarfin ba. Kowa ya juyo.

"Ni na yi, Anti. Hannuna ne ya zarce da gishiri. Ku yi haƙuri."

Na wuni ina shirin faɗin gaskiya, ga gaskiyar ta zo har za ta taimake ni, na kasa. Ban yi tunani ba ma. Na dai san in Nani ta ji a gaban baƙi cewa kicin ɗin ma ya fara ɓace mata, ban san inda za ta sake gudu ba.

Nani ta daɗe tana kallona. Sai kafaɗunta suka miƙe. Ta yi tsaki.

"Sau nawa zan gaya miki, yarinyar nan? Gishiri sau ɗaya ake sa shi." Ta juya ga Anti Nazira. "Ki yi haƙuri, 'yata. Yaran yanzu ne, hankalinsu na kan littafi. Za ta koya."

"Allah ya sa," in ji Anti Nazira. Ta ajiye ragowar a kan takarda, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa ɗanta wani kallo da ko ni na fahimta.

Shi kuwa ni yake kallo. A duk baƙin shi kaɗai ya san abin da na rubuta da asuba, shi kaɗai ya san yanzu na yi wa mahaifiyarsa ƙarya ido da ido. Na kasa karanta fuskarsa. Sai ya miƙo dogon hannunsa ya ɗauki samosa. Ya cinye ta tas. Idonsa ya kawo ruwa a bayan tabarau. Jirgi ya yi wani lilo, ya rufe ido, ya buɗe, ya ɗauki ta biyu.

"Shiraz, cikinka fa."

"Kwana biyu ba abin da ya zauna min, Ummi. Wannan ta zauna."

"Ai iskar teku ce!" Khala ta samu bakin magana. "Wallahi iskar nan gishiri ce zalla, shiga abinci take yi. Ko gashina da na taɓa jiya..."

"Rukshana, shekara talatin ina girki a bakin teku, iska ba ta taɓa sa min gishiri a tukunya ba."

"Bakin teku daban, tsakiyarsa daban!"

Mami ta shiga maganar, Nani ta buga sanda tana neman a saurare ta. Na ɗora tiren a kan firij. Waya ta motsa a aljihuna, na ga hannunsa ɗaya na ƙarƙashin gwiwa da tasa wayar. Na juya baya na duba.

"Kin ce gaskiya za ki faɗa."

Kafin in numfasa wani saƙon ya shigo.

"Ban san me zan ce wa Ummi ba tukuna. In kin fita ki nemo min ruwa. Mai yawa."

Na ja da baya a hankali har bayana ya taɓa ƙofa. Na murɗa hannunta, na cire takalmana masu ƙara na riƙe, na zame waje. Ba wanda ya waigo. Ƙofofin jirgi nauyi gare su, da kansu suke rufuwa, sannu a hankali. Abu na ƙarshe da na ji kafin ta rufe muryar Nani ce, ta yi sama da ta kowa, tana koya wa Anti Nazira yadda ake auna gishiri.